Sammore da Juriyar Shanu Marasa Tozo

Tun shekarar 1924 ake binciken cututtukan dabbobi a Vom, kusa da Jos, inda aka soma da yaƙi da bushiya. An daɗe ana ɗaukar tsaunukan Jos a matsayin mafakar shanu, saboda sanyinsu yana korar ƙudan tsando. Amma binciken baya-bayan nan ya nuna ƙudan ya hau dutsen, sammore kuwa ya biyo shi.

Abin lura shi ne, cutar ba ta yi wa shanu kamu ɗaya. Bunaji mai tozo yakan rame, jininsa ya ƙone. Muturu da Ndama kuwa sukan ɗauki cutar su ci gaba da kiwo, domin garkuwar jikinsu tana danne ƙwayoyin cutar, jininsu kuma ba ya raguwa ainun.

Wannan juriya gado ce. A 2003 masu bincike a Nairobi, waɗanda suka haɗa Ndama da Boran, sun gano cewa ƙwayoyin gado da dama ne suke ɗauke da ita, wasunsu ma daga Boran mai tozo suka fito. Shi ya sa sanya ta cikin Bunaji yake da wuya, makiyayi kuwa ba zai bar nonon Bunaji don ƙaramin muturu ba.