Maƙabarta da Al'adun Mutanen Zango a Accra

A asali, kalmar zango tana nufin wurin da fatake suke yada kaya su kwana kafin su ci gaba da tafiya. A Ghana kuwa, sunan unguwannin baƙi Musulmi ne, irin su Sabon Zango da Nima da Maamobi a birnin Accra, inda Hausa ce harshen kasuwa da masallaci. Nima ta kafu wajen 1931, lokacin da Malam Amadu Futa ya sami fili daga hannun 'yan ƙabilar Ga.

Wani abu da ya bambanta mutanen zango da maƙwabtansu shi ne yadda suke binne mamaci. Iyalai da yawa a kudancin Ghana sukan ajiye gawa a asibiti makonni ko watanni kafin a yi babban biki, wani lokaci ma a kai ta garin kakanni. A Teshie har akwatin gawa ake sassaƙawa da siffar kifi ko mota. Mutumin zango kuwa, idan ya rasu da safe, sau da yawa kafin magariba an rufe shi. Akan yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a yi masa salla, sannan maza su kai shi maƙabarta, kamar ta Awudome ko ta Madina. Mata sukan zauna a gida suna karɓar gaisuwa. Daga baya sai sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in.

Akwai kuma camfe-camfen da kakanni suka zo da su daga ƙasar Hausa. Akan hana yara nuna kabari da yatsa, akan kuma tsorata su da labarin fatalwa don kada su bi ta maƙabarta da dare. Malamai da yawa suna cewa waɗannan ba su da tushe a addini. Abin da suka koyar shi ne a yi wa mamata sallama da addu'a.

Da yake ba a jinkirta jana'iza, ba safai ake mayar da gawa Kano ko Katsina ba. Inda baƙo ya rasu, nan ake binne shi. Saboda haka jikokinsa sukan ce, tun da ƙasar Accra ce ta rufe kakansu, ai zango ya zama gida.