Gishiri ciki, gishiri waje: yadda ake ƙanƙarar madara a gida

Njamena ita ce babban birnin ƙasar Cadi. Tana bakin kogin Shari, daidai inda kogin Logon yake haɗuwa da shi. Idan ka tsaya a bakin ruwa, kana hangen garin Kuseri na ƙasar Kamaru a ƙetare. Ruwa yana kusa, amma garin yana da zafi ƙwarai. A watannin Maris, Afrilu da Mayu, ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 da rana tsaka. A irin wannan lokaci ne yara suke rububin ƙanƙarar leda da ake sayarwa a ƙofar makaranta: ta tsamiya, ta madara, da ta zoɓo, wanda mutanen Cadi suke ce wa karkanji.

Masu sayarwa a cikin firji suke daskarar da tasu. To, wanda ba shi da firji a gida fa? Ko kuma yana da shi amma an ɗauke wuta? Akwai wata tsohuwar dabara wadda ta girmi firji nesa ba kusa ba. Da ita za mu yi ƙanƙarar madara mai zaƙi da ɗan gishiri-gishiri. Da Faransanci ana ce mata crème glacée. Hausawan Najeriya kuma suna cewa askirim.

Ku lura da kyau, yara. A wannan aiki gishiri sau biyu yake shiga. Ɗan kaɗan yana shiga cikin madara don ɗanɗano. Mai yawa yana zama a waje, tare da ƙanƙara, don sanyi. Wanda ya haɗa su ya ɓata aikinsa.

Gishirin ciki

Muna bukatar madarar shanu rabin lita, da sukari babban cokali biyar, da garin madara babban cokali uku, da soyayyar gyaɗa cikin tafi ɗaya. Gishiri kuwa kwatan ƙaramin cokali ya isa. Duk ana samun su a kasuwar Dembe ko a babbar kasuwa. Kowace safiya ana shigo da madara daga rugagen da ke kewaye da birni, a cikin jarkoki bisa babura. Rake kuma ana noma shi a Banda, kusa da garin Sarh a kudancin ƙasar, inda masana'antar sukari take.

Aikin wuta na manya ne. Ku roƙi inna ko yaya ta taimake ku. Da farko za ta tafasa madarar sosai, ta ajiye gefe. Sai ta zuba cokali uku na sukari a busasshiyar tukunya, ta ɗora a wuta marar ƙarfi. Sukarin zai narke, ya fara ja, har ya koma kalar dabino. Nan za a tsaya. Idan ya yi baƙi, ɗaci zai yi. Narkakken sukari ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa, kuma yana manne wa fata, saboda haka yara su ja da baya. Sai ta tsiyaya madara mai ɗumi a kai, kaɗan-kaɗan, tana juyawa. Tukunya za ta yi ƙara, ta yi tururi. Ba komai, haka take yi. In sukarin ya dunƙule, a ci gaba da juyawa, zai narke.

Daga nan a zuba ragowar sukari, da garin madara, da ɗan gishirin nan. A sauke, a rufe, a bar shi ya huce sarai. A daka gyaɗa sama-sama a zuba.

Me ya kawo gishiri cikin abin zaƙi? Ku tuna da soyayyar gyaɗa. Marar gishiri lami take, mai gishiri kuwa ba a gajiya da ita. Ɗan gishiri yana fito da zaƙi fili, yana kuma danne ɗan ɗacin toyayyen sukari. Ba mu kaɗai muka san wannan ba. A shekarar 1977 wani mai yin alewa, Henri Le Roux, a garin Quiberon na yammacin Faransa, ya haɗa toyayyen sukari da man shanu mai gishiri. Alewarsa ta yi suna, kuma yau ana samun wannan ɗanɗano a ƙasashe da yawa. Amma fa gishirin miya za a sa. Kanwa, irin wadda ake haƙowa a Kanem da gefen tafkin Cadi, ba gishiri ba ce, kuma ba wurinta ba ne nan.

Ku ɗanɗana kafin a daskarar. Ya kamata zaƙin ya ɗan yi yawa, domin sanyi yana rage wa harshe jin zaƙi.

Gishirin waje

Ga inda abin mamakin yake. Ruwa zalla yana daskarewa a digiri sifili. Amma ruwan da aka narka wani abu a cikinsa, sukari ko gishiri, ba ya daskarewa a sifili. Sai sanyi ya fi haka. Madararmu mai sukari tana bukatar digiri 2 ko 3 ƙasa da sifili kafin ta fara daskarewa. Ƙanƙarar da take narkewa kuwa a sifili take tsayawa. Ke nan ko kun binne madara a cikin ƙanƙara tun safe har magariba, za ta yi sanyi kawai, ba za ta daskare ba.

Sai mu kira gishiri. Ƙanƙara ba ta iya narkewa sai ta sha zafi, kuma daga abin da ke kusa da ita take jawo zafin. Kun san randa. Ruwan da yake tsattsafowa a jikinta yana bushewa, yana tafiya da zafi, shi ya sa ruwan ciki yake sanyi. Narkewar ƙanƙara ma haka take kwashe zafi. Idan aka barbaɗa mata gishiri, yana tilasta mata ta narke ko da sanyinta ya kai ƙasa da sifili. Tana narkewa tana jan zafi, ruwan gishirin yana ƙara sanyi. Idan aka haɗa kashi ɗaya na gishiri da kashi uku na dakakkiyar ƙanƙara, sanyin zai iya sauka har digiri 21 ƙasa da sifili. A tsakar gida da wuya a kai can, amma ko rabin haka ya ishe mu.

Gani ya kori ji. Ku samo kofunan ƙarfe biyu, ku cika su da dakakkiyar ƙanƙara. Ku zuba gishiri cokali uku a ɗaya, ku juya. Bayan minti biyar ku duba bayan kofunan. Marar gishiri zai yi gumi. Mai gishiri kuwa gumin nasa zai daskare, ya yi fari kamar an barbaɗa masa gari. In malam yana da ma'aunin zafi, ku auna ku rubuta abin da kuka gani.

Da wannan dabara aka daɗe ana yin askirim kafin a san firji. A shekarar 1843 wata mata, Nancy Johnson, a birnin Philadelphia na Amurka, ta ƙirƙiro wani bokiti mai hannun juyawa. Gwangwanin madara yana tsakiya, ƙanƙara da gishiri suna kewaye da shi. Abin da za mu yi ke nan, sai dai mu da leda da hannu.

A zuba madarar da ta huce a cikin sababbin ledoji masu kauri. Kada a cika. A raba rabin litar gida uku ko huɗu, don ƙaramin ƙulli ya fi saurin daskarewa. A ƙulle tam, a sake sa kowace a cikin wata ledar a ƙulle. A nannaɗe ƙanƙara kilo biyu a tsumma, a farfasa da taɓarya. A zuba a babban gwangwani ko roba mai murfi, tare da gishiri rabin kilo ko ya ɗan fi. Garas-garas mai araha ya wadatar. A tura ƙullin madara tsakiya, a rufe.

Sai kaɗawa. A zauna a inuwa, gara ma da safe. A naɗe gwangwanin da zane, a yi ta girgizawa ko a riƙa mirgina shi a kan tabarma. Kada ku riƙe shi da hannu tsirara, kada kuma ku tsoma yatsu a ciki ku daɗe. Sanyi mai tsanani yana ƙona fata kamar wuta. Ku riƙa karɓa-karɓa da ƴan'uwanku. Bayan kamar minti 15 ku buɗe ku taɓa. In ƙanƙarar ta narke duka madara ba ta kama ba, a ƙara wata da gishiri.

Malalaci zai ce, me zai hana a ajiye a jira? In aka ajiye ba motsi, ruwan da ke cikin madara zai daskare manya-manya, ya yi ƙaras-ƙaras a haƙori. Girgizawa tana hana ƙwayoyin ƙanƙara girma, tana kuma shigar da iska. Ita ce take kawo laushi.

In ta yi kauri kamar tuwo mai laushi, ta yi. A ɗauraye bayan ledar da ruwa mai tsabta kafin a kwance. Ɗigo ɗaya na ruwan gishirin nan ya isa ya lalata ta.

Sanyi ba ya kashe cuta

Wannan ya fi duk abin da muka faɗa muhimmanci. Wasu suna tsammani abin da ya daskare ya tsarkaka. Ba haka ba ne. Ƙwayoyin cuta da yawa barci kawai suke yi a cikin sanyi. Da sun shiga ciki mai ɗumi sai su farka. Ɗanyar madara tana iya ɗauke da cutar da ke jikin saniya, shi ya sa muka fara da tafasawa. Ruwa marar tsabta kuma yana kawo zawo da kwalara. A shekarar 2011 kwalara ta kama mutane fiye da dubu 17 a Cadi.

Saboda haka a wanke hannu da sabulu kafin a fara. In da garin madara kaɗai za a yi, a dama shi da tafasasshen ruwa. Ƙanƙarar da aka sayo a hanya ba mu san ruwan da aka yi ta da shi ba. Aikinta a waje yake, kada a tsotsa, kada ta taɓa madara. Askirim ɗin kuma a sha shi nan take. Wanda ya narke ya jima a zafi, kada a sake daskarar da shi, kada a ba ƙane.

Ruwan gishirin da ya rage kada a zuba shi gindin itace ko a lambu, zai kashe shuka. A juye shi a faffaɗan tire a shanya a rana. Ruwan zai bushe, gishirin ya rage, kamar yadda mutanen Bilma a Nijar suke samun nasu. Wannan gishiri ba na miya ba ne. A adana shi a gwangwani don ƙanƙarar wata rana.

Kalmomi

ƙanƙara: la glace
narkewa: fondre
daskarewa: geler
ma'aunin zafi: le thermomètre
ƙwayoyin cuta: les microbes

Tambayoyi

1. Me ya sa ƙanƙara ita kaɗai ba ta daskarar da madara mai sukari?
2. In ƙanƙara kilo 3 ce, gishiri kilo nawa za a zuba?
3. Ƙanenka ya ce zai tsotsi ƙanƙarar da ta rage a gwangwani. Me za ka gaya masa?