Mabuɗi Biyu na Tsare Wasiƙun Ciniki da Yadda Ake Kula da Su

Tsakanin shekarar 2013 da ta 2015, wani mutumin ƙasar Lituwaniya mai suna Evaldas Rimasauskas ya karɓi fiye da dala miliyan 100 daga kamfanonin Google da Facebook ba tare da ya fasa taskar kowa ba. Abin da ya yi shi ne, ya yi rajistar kamfani mai suna iri ɗaya da na Quanta Computer, wani kamfanin Taiwan da ke sayar musu da kayan na'ura, sa'an nan aka riƙa aika musu da takardun neman biyan kuɗi ta imel, su kuwa suka riƙa biya. A watan Disamba na 2019 wata kotu a New York ta ɗaure shi shekara biyar. Hukumar bincike ta Amurka, watau FBI, ta ce a 2023 kaɗai asarar da aka kai ƙara gabanta a kan zamba ta wasiƙun ciniki ta haura dala biliyan 2.9.

Ɗan kasuwar da ke zaune a Kano ko Legas ko Anaca yana biyan mai kaya a Guwanzu ko Dubai yana fuskantar irin wannan haɗari. Wasiƙar imel takan kwana a na'urorin kamfanoni dabam-dabam, kuma duk wanda ya sami shiga akwatin mai aikawa ko na mai karɓa yana iya karanta ta. Yana kuma iya sauya lambar asusun banki da ke cikin takarda, ya tura ta kamar daga wurin mai kayan ta fito. Akwai dabarar da ke maganin waɗannan matsaloli biyu, ita ce kulle saƙo da mabuɗi biyu.

Tun zamanin da, masu rubutun zaurance suna da matsala guda. Mabuɗin da ya kulle saƙo shi ne yake buɗe shi, don haka tilas mutanen biyu su sami hanyar miƙa wa juna mabuɗin a asirce kafin su fara magana. A 1976 Whitfield Diffie da Martin Hellman na jami'ar Stanford suka wallafa hanyar kuɓuta daga wannan, a 1977 kuma Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da tsarin da ake kira RSA, daga haruffan farko na sunayensu. Sai a 1997 aka bayyana cewa Clifford Cocks na hukumar leƙen asirin sadarwa ta Ingila ya riga su gano irinsa tun 1973, amma aka hana shi faɗa.

A wannan tsari kowa yana da mabuɗi biyu da aka ƙera tare. Na farko shi ne mabuɗin fili, wanda ake raba wa duk mai so. Na biyu shi ne mabuɗin ɓoye, wanda ba ya barin hannun mai shi. Misalinsa kamar attajiri ne ya raba wa abokan cinikinsa kwaɗo a buɗe, ya riƙe makullin a aljihunsa: kowa na iya sa takarda a akwati ya danna kwaɗon, amma da zarar ya rufu, ko wanda ya rufe shi ba zai iya buɗewa ba. Ƙarfin RSA yana kan wani al'amari na lissafi. Ninka manyan lambobi biyu da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu abu ne mai sauƙi, amma gano su daga sakamakon ninkawar yana da matuƙar wuya. Lamba mafi girma ta gasar RSA da aka warware a fili a 2020 mai alƙaluma 250 ce, alhali mabuɗin da aka saba amfani da shi yana da alƙaluma 617.

Ana kuma juya aikin. Idan mai kaya ya sa hannu a wasiƙa da mabuɗinsa na ɓoye, duk mai riƙe da mabuɗinsa na fili zai iya tabbatar da cewa daga gare shi ta fito, kuma ba a taɓa ko harafi ɗaya a hanya ba. Wannan shi ne hatimi na na'ura. Ga ɗan kasuwa hatimin ya fi ɓoye sirri muhimmanci, domin ba kullum farashin kaya ke zama sirri ba, amma lambar asusu guda da aka sauya tana iya cinye jarin shekara goma.

Manhajar da ta kawo wannan fasaha hannun talakawa ita ce PGP, wadda Phil Zimmermann ya saki a 1991. A lokacin dokar Amurka tana lissafta irin wannan manhaja cikin kayan yaƙi da ba a fitarwa waje sai da izini, saboda haka aka shafe kusan shekara uku ana bincikensa, kafin a janye a farkon 1996 ba tare da an gurfanar da shi ba. A 1997 wani Bajamushe, Werner Koch, ya fara GnuPG, wadda kyauta ce kuma tana bin ƙa'idar OpenPGP. Masu amfani da Windows suna samunta cikin Gpg4win, manhajar wasiƙu ta Thunderbird kuwa tun 2020 tana zuwa da OpenPGP a cikinta. Akwai kuma tsari na biyu, S/MIME, wanda Outlook ke aiki da shi, inda wata hukuma mai ba da takardar shaida take tsaya wa mai mabuɗi. Manyan kamfanoni sun fi karkata gare shi.

Sanya manhaja aikin rabin yini ne. Wahalar tana wajen kula da mabuɗan, kuma a nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe.

Tambaya ta farko ita ce: mabuɗin filin nan na wane ne? Kowa na iya ƙera mabuɗi ya rubuta masa sunan wani kamfani. Idan ɗan damfara ya aiko da nasa aka karɓa, to, manhaja za ta riƙa shaidar cewa hatiminsa sahihi ne, kuma ba ta yi ƙarya ba, tunda mabuɗin da aka ba ta ke nan. Saboda haka kowane mabuɗi yana da abin da ake kira zanen yatsa, jerin haruffa da lambobi guda 40 a mabuɗan da suka fi yawa a hannun jama'a. Wajibi ne a gwada wannan jeri ta wata hanya da ba imel ba, ko ido da ido, ko ta lambar wayar da aka daɗe da sani, da muryar da aka sani. Mai zuwa sayayya Sin sau ɗaya a shekara ya ware minti biyar na tafiyarsa don wannan.

Zimmermann ya tanadi wata hanya ga waɗanda ba za su iya haɗuwa ba: wanda ka amince da shi ya sa hannu a mabuɗin wanda ba ka sani ba. Fatake sun san irin wannan tun tuni, domin aikin fatoma ke nan a zango, ya tsaya wa baƙo a gaban mai saye. Amma tsarin bai bunƙasa a intanet yadda aka zata ba. A 2019 wasu suka cika mabuɗan wasu masu haɓaka OpenPGP da dubban sa hannu na banza a tsoffin rumbunan ajiye mabuɗai, har manhajar duk wanda ya ɗauko su ta riƙa cijewa. Sabon rumbun da aka buɗe a shekarar yana tabbatar da cewa mai mabuɗi yana da iko da adireshin imel ɗin ne kawai, bai shaidi mutumin ba.

Sai tsaron mabuɗin ɓoye. Ana kulle shi da jimlar sirri, kuma jimla mai kalmomi biyar ko shida marasa alaƙa da juna ta fi sunan ɗa ko ranar haihuwa nesa ba kusa ba. Akwai masu ajiye shi a ɗan katin na'ura irin YubiKey, wanda ke yin aikin a cikinsa ba tare da mabuɗin ya fito ba. Sai dai a sani, idan mabuɗin ya ɓace ko aka manta jimlar, babu ofishin da za a je a kai kuka. Duk wasiƙun da aka kulle da shi sun tafi ke nan. Dole a ajiye kwafi a wurin da ba ya haɗe da intanet, kamar akwatin ƙarfe na ofis.

Haka nan kamfani ya yi tunanin ranar da akawunsa zai bar aiki ko ya rasu. Idan da mabuɗinsa kaɗai aka kulle takardun shekara biyar, kamfanin ya zama baƙo a gidansa. Ana iya kulle saƙo ɗaya ga mabuɗai da yawa, don haka ya kyautu kowace wasiƙar ciniki ta haɗa da mabuɗin kamfani da ke hannun shugabanni. A kuma sa wa kowane mabuɗi wa'adi, shekara ɗaya ko biyu, wanda ake iya ƙarawa. Tun ranar farko a adana takardar soke mabuɗi, wadda GnuPG ke ƙerawa da kanta, domin ita za a baza wa abokan ciniki ranar da aka sace kwamfuta.

Fasahar tana da iyaka. Ba ta ɓoye adireshin mai aikawa da na mai karɓa da lokacin aikawa, galibi ma har da kan maganar wasiƙa. A 2018 masu bincike a Turai sun nuna wata kafa da suka kira EFAIL, inda wasu manhajojin wasiƙu ke iya tona saƙon da suka buɗe. An toshe ta, amma wanda bai sabunta manhajarsa ba bai amfana ba. Kwamfutar da ƙwayar cuta ta shiga kuwa babu mabuɗin da zai cece ta.

Ta fuskar doka, Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 ta amince da sa hannu na na'ura, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ɗora wa kamfanoni nauyin tsare bayanan abokan hulɗarsu. Kamfanin da ba zai iya kulle dukkan wasiƙunsa ba yana iya farawa da yarjejeniya guda da manyan masu ba shi kaya: duk takardar da ta zo da sabuwar lambar asusu ba za a biya ta ba sai tana ɗauke da hatimin mabuɗin da aka riga aka tantance, an kuma kira mai kayan a waya.