Jijiyar da Ke Taya Ƙwaƙwalwa Sakin Tsoro

A wani ɗakin bincike na Jami'ar Teksas da ke Dalas, da gangan aka koya wa ɓeraye tsoro. Ana kunna musu wani sauti, sai a ɗan ɗana musu lantarki a ƙafa. Kafin wani lokaci, da jin sautin kaɗai sai ɓera ya ƙame wuri ɗaya, ba abin da ke motsi a jikinsa sai numfashi. Daga nan Christa McIntyre da abokan aikinta suka riƙa kunna sautin ba tare da lantarkin ba. Wasu ɓerayen kuwa, daidai lokacin da sautin ke tashi, sai a tsokani wata jijiya a wuyansu. Su ne suka riga sauran sakin jiki. An wallafa sakamakon a 2013.

Sunan jijiyar bagus. Daga gindin ƙwaƙwalwa take fitowa, ta gangaro ta wuya, ta miƙa rassa zuwa zuciya da huhu da hanji. An fi saninta da rage bugun zuciya, amma kusan kashi 80 cikin 100 na zarurrukanta sama suke kai saƙo, suna shaida wa ƙwaƙwalwa halin da jiki ke ciki. Idan saƙon ya isa, sai a saki sinadarin noradiranalin, ya kai ga amigdala, wato ɗan ƙullin da ke gadin haɗari, da kuma sashen gaba na ƙwaƙwalwa mai tsawata masa. Sinadarin nan ne ke sa abin da ya faru cikin firgici ya manne a rai. Shi ya sa wanda ya tsira daga hatsarin mota kan tuna ƙarar birki bayan shekaru.

Dabarar ita ce a sa sinadarin ya manna sabon darasi: sautin nan ba ya cutarwa yanzu. Tsohon tsoron yana nan, an dai ɗora masa wani sani da ya rinjaye shi. Ɓerayen da aka tsokani jijiyarsu a kejinsu, nesa da sautin, ba su amfana ba.

Na'urar da ke tsokanar jijiyar ba sabuwa ba ce. An fara dasa wa mutum ita a 1988, Amurka ta amince da ita don farfaɗiya a 1997, sannan don ciwon damuwar da ya gagari magani a 2005. Likita kan binne ɗan batir a ƙarƙashin fatar ƙirji, ya naɗe waya a jijiyar hagu. Yawanci takan yi aiki daƙiƙa 30, ta huta minti 5, kuma mai ita yana cikin magana sai muryarsa ta dishe na ɗan lokaci.

A 2025 masu bincike a Dalas suka ba da labarin mutum tara masu fama da firgicin da ke biyo bayan bala'i. An haɗa musu tsokanar jijiyar da zama 12 na tunkarar abin tsoron a gaban ƙwararre. Wata shida bayan nan, babu ko ɗaya da ke cikin ma'aunin ciwon. Abin farin ciki ne matuƙa, musamman idan aka tuna waɗanda suka tsira daga hare-hare a Borno ko Zamfara, barci ya ƙaurace musu. Sai dai mutum tara sun yi kaɗan, kuma ba a kwatanta su da wasu da ba a kunna wa na'urar ba. Su kuma ƙananan na'urorin da ake maƙalawa a kunne ba tare da tiyata ba, an gwada su kan tsoro a Turai, wani gwajin ya nuna amfani, wani bai nuna ba.