Jarkar Maganin Feshi Ba Ta Wankuwa

A kasuwanninmu na bakin Nilu, daga Abu Na'ama zuwa Sinja har Mai Wurno, tsohuwar jarka da duro ba sa kwantai. Mai karon ruwa yana nema, uwargida tana nema. Da wuya ka ji an tambayi abin da aka fara zubawa a ciki.

Tun 1925 da aka gama madatsar Sinnar auduga ta kankama a Jazira. A shekarun 1940 aka fara fesa mata DDT, daga baya har da jirgin sama. An daina a farkon shekarun 1980, amma maganin yakan yi shekara da shekaru a ƙasa bai ruɓe ba. Mutanen Hasahisa har yau suna kuka da ramin da aka binne ragowar magunguna a kusa da garinsu. Yarjejeniyar Stockholm ta 2001 ta sa DDT cikin guba 12 da duniya ta fara taka wa birki.

To, wani zai ce ai Abu Na'ama tana sama da Jazira, kogi kuwa ba ya komawa baya. Haka ne. Amma duro mota yake hawa, kuma gonakin da ke kewaye da mu ma feshi ake yi musu.

Irin wannan guba ba ta kayar da mutum ranar da ya sha. Taruwa take yi a kitsen jiki, ta bi nono zuwa ga jariri, ta wahalar da hanta. A 2015 hukumar binciken sankara ta duniya ta ce akwai ƙwaƙƙwaran zato DDT na jawo cutar. Kada dai uwa ta yaye ɗa saboda wannan. Ruwan za a gyara.

Tafasawa ƙwayar cuta take kashewa, ba ta taɓa maganin feshi. DDT laka yake kamawa, don haka dabarar iyayenmu mata ta kwantar da ruwa da alam ko garin 'ya'yan zogale kafin a zuba a randa tana rage shi. Matata mai gawayin kamfani ta fi, ga mai hali. Ruwan tur'a kuwa a bar wa gona.

Mu 'yan kasuwa namu ya fi nauyi. Roba tana shan magani, Omo da toka ba sa fitar da shi ko an ɗauraye sau goma. Jarkar da ka ga hoton ƙoƙon kai a jikinta, ko aka kankare takardarta, huda gindinta kafin ta shiga hannun mai sayen jarkar ruwa.