Matambayi Ba Ya Ɓata: Na'urar Nuna Hanya A Kan Titin Damagum

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya taso daga Potiskum ya nufi gabas bisa babbar hanyar nan ta Kano zuwa Maiduguri, in ya wuce Mamudo ba zai daɗe ba zai iso Damagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, inda fadar Sarkin Fune take. Gari ne na bakin hanya, dare da rana manyan motoci da ƙanana suna ratsa shi, waɗansu su zarce Ngelzarma da Damaturu, waɗansu kuwa su sauka daga kwalta su shiga ƙauyuka neman hatsi da dabbobi.

A da, baƙon direba in ya iso nan bai san inda zai karkata ba, abin da yakan yi shi ne ya tsaya wurin mai shayi ko mai faci, ya yi sallama, ya yi tambaya. Yanzu kuwa sai ka ga ɗan ƙaramin akwati kamar tafin hannu manne a gilashin gaban mota, ko wayar hannu a kusa da sitiyari, murya tana fita daga ciki tana cewa a yi dama, a yi hagu. Wannan ita ce na'urar nuna hanya wadda aka fi sani da GPS. Da yake ta yi araha har ta shiga hannun talaka, ya kamata masu karatu su san abin da ta iya, su kuma san inda iyawarta ta tsaya, gama ran direba da na fasinjansa ne a ciki.

Asalin Na'urar

Ma'aikatar Tsaron Amurka ita ce ta soma wannan aiki cikin 1973 domin amfanin sojojinta, aka harba tauraron ɗan'adam na farko cikin 1978. Abin da ya buɗe wa farar hula ƙofa kuwa abin baƙin ciki ne. Ran 1 ga watan Satumba 1983 wani jirgin saman fasinja na Koriya ta Kudu ya kauce daga hanyarsa, ya kutsa sararin samaniyar Tarayyar Sobiyat, aka harbo shi, mutum 269 da ke ciki duka suka halaka. Bayan wannan ne Shugaba Ronald Reagan ya ba da sanarwa cewa in an gama aikin za a bar farar hula su yi amfani da shi. Aka gama shi sosai cikin 1995 da taurari 24.

Duk da haka sojojin Amurka sun riƙa gurɓata saƙon da gangan, har na'urar farar hula takan yi kuskuren da ya kai mita 100. Sai a watan Mayu na 2000 Shugaba Bill Clinton ya ba da umurni a daina, kuskuren ya ragu ya koma 'yan mitoci kaɗan. Daga nan ne kamfanoni irin su Garmin da TomTom suka cika kasuwannin duniya da ƙananan na'urori na sawa a mota, daga baya kuma abin ya shiga cikin wayoyin hannu. Yau Rasha tana da nata tsarin mai suna GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin kuma tana da BeiDou, sabbin wayoyi da yawa kuwa sukan saurari dukansu a lokaci guda.

Yadda Take Aiki

Taurarin suna shawagi ne a nisan wajen kilomita 20,200 daga doron ƙasa, kowanne yana kewaya duniya sau biyu a kwana guda. Kowane ɗaya yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, ba ya kuwa fasa aiko da saƙo yana faɗin inda yake da lokacin da saƙon ya bar shi. Manomi ya san cewa in ya ga walƙiya, tsawa ta daɗe ba ta biyo ba, to hadarin yana nesa, in kuwa ta biyo nan da nan, yana kusa. Haka na'urar take yi: takan auna jinkirin da saƙo ya yi kafin ya iso gare ta, daga nan ta gane nisanta da tauraron. In ta ji taurari huɗu ta san inda take, watau uku domin gane wurin, na huɗu domin gyara agogonta, da yake nata agogon mai araha ne. Saƙon yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa guda, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ya isa ya gusar da mota mita 300 daga inda take.

Abin lura a nan shi ne na'urar saurare kawai take yi, ba ta aika kome sama, ba a kuwa biyan ko kwabo domin wannan saƙo. Ba ta bukatar layin waya kafin ta san inda take. Mutanen Yobe sun san darajar wannan fiye da kowa, domin a watan Mayu na 2013, sa'ad da aka kafa dokar ta-ɓaci a jihohin Barno da Yobe da Adamawa, an katse layukan wayar hannu makonni da dama. An sake yin irin wannan a Jihar Zamfara da waɗansu sassan maƙwabtanta cikin 2021. A irin wannan hali, na'urar da taswira ke ajiye a cikinta tana nan tana aiki, haka ma wayar da mai ita ya riga ya sauke taswirar yankin ya adana. Wanda bai adana ba kuwa, sai ya ga ɗigon da ke nuna shi yana yawo a kan farin allo, ba hanya ba gari.

Amfaninta Ga Direba

Ba mai musun cewa tana da amfani. Mutumin Damagum da ya kai mara lafiya asibiti a Kano ko Abuja, bai san unguwa ba bai san shataletale ba, ta ishe shi ja-gora. Tana faɗa wa direba kilomita nawa suka rage, ya san ko man da ke tankinsa zai kai shi. Motocin haya da yawa malejinsu ya daɗe da mutuwa, direba sai dai ya ƙiyasta gudunsa da kunne. Na'urar kuwa tana nuna gudun mota a kowane lokaci, ga shi dokar hanya ta kayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a kan tagwayen hanyoyi na musamman. In mota ta lalace a daji tsakanin Damagum da Ngelzarma, direba yana iya karanto lambobin wurin ya aika wa makaniki ko ɗan'uwa, maimakon ya tsaya yana kwatance da kuka da tsamiya. Lokacin hazo kuma, sa'ad da ƙurar hunturu ta rufe gaba, tana nuna kwana tun ba a iso ta ba.

Suna Ɗaya, Gari Biyu

To amma sanin inda mutum yake daban, sanin hanya daban. Taurari aikinsu kawai su nuna ɗigo. Hanyoyi da sunayen garuruwa kuwa suna cikin taswira ne, taswira kuwa 'yan'adam ne suka zana ta, galibi mutanen da ba su taɓa taka ƙasar Fune ba.

Matsala ta farko ita ce ta suna. Garin da ake rubutawa Potiskum, Bahaushe da bakinsa Fataskum yake cewa. Damagum kanta waɗansu sukan rubuta Damagun. Wanda ya yi gaggawa wajen rubutu, ko ya taɓa sunan farko da na'urar ta kawo masa, yana iya zaɓen Damagaram, watau Zinder ta Jamhuriyar Nijar, wadda sai an ƙetare iyaka kafin a kai. Haka kuma akwai Daura a cikin ƙasar Fune, ga kuma Daura ta Jihar Katsina wadda duniya ta fi sani. In ba a lura ba, ta Katsina na'urar za ta fara kawowa, alhali tsakaninsu tafiyar ɗaruruwan kilomita ce. Kada mai karatu ya ɗauka wannan abin dariya ne kawai. Cikin 2016 wani Ba'amurke ɗan yawon buɗe ido a ƙasar Aislan, saboda harafi ɗaya tak da ya ƙaru a sunan titin masaukinsa, ya yi tuƙin fiye da awa biyar zuwa wani garin masunta a can arewacin ƙasar, alhali masaukin yana babban birni, ƙasa da tafiyar awa guda daga filin jirgin da ya sauka.

Abin Da Taswira Ba Ta Gani

Matsala ta biyu ta fi wannan haɗari. Na'urar an gina ta ne ta nemi hanya mafi kusa ko mafi sauri. A wurinta layin da aka zana duk hanya ce, ko kwalta ce, ko burji, ko turbar amalanke wadda da rani yashi ke riƙe mota, da damina kuma taɓo. Ba ta san kwalbatin da ruwan daren jiya ya tafi da shi ba. A watan Agusta na 2024 ambaliya ta yanke wannan babbar hanya ta Kano zuwa Maiduguri a yankin Azare ta Jihar Bauchi. Tsohuwar taswirar da ke cikin akwati ba ta da hanyar sanin haka, alhali kowane ɗan kamasho a tashar Potiskum ya ji labari tun da safe. A ƙasar Indiya kuwa, a watan Nuwamba na wannan shekara ta 2024, mutum uku suka rasu a jihar Uttar Pradesh sa'ad da motarsu ta faɗo daga kan wata gada da ta yanke a tsakiya, rahotanni suka ce taswirar waya suke bi. Hatta aikin mayar da hanyarmu tagwaye, wanda aka ba da kwangilarsa tun 2006, ya canja wuraren juyawa da mahaɗai da yawa, saboda haka taswirar da ta tsufa tana iya cewa a juya inda babu wurin juyawa.

Sa'an nan ga maganar tsaro, wadda a wannan yanki ba a wasa da ita. Na'urar tana iya cewa saura awa kaza a isa, amma ba ta lissafa tsayawa a shingayen bincike, ba ta kuwa san lokacin da jami'an tsaro ke rufe hanya ba. Masu karatu ba za su manta da abin da ya faru a Auno ba, can gaba a kan wannan hanya dab da Maiduguri. Ran 9 ga watan Fabrairu 2020 matafiya suka iso bayan an rufe ƙofar shiga birni, suka kwana cikin motocinsu a bakin hanya, 'yan ta'adda suka far musu cikin dare, mutum aƙalla 30 suka rasa rayukansu. Allah ya jiƙansu. Ba na'ura ce ta jawo wannan ba, amma ya nuna irin labarin da matafiyi ke bukata wanda ba ya saukowa daga taurari: yaushe ake rufe hanya, wane yanke ne aka daina bi, a wane gari ya kamata a kwana. Wannan sai a bakin direbobin tasha da mutanen gari, gama da ɗan gari akan ci gari.

Shawara Ga Mai Saye

Wanda zai sayi irin ta akwati, musamman ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ya tabbata akwai taswirar Nijeriya a cikinta, domin da yawa taswirar Turai ko ta Amurka suke ɗauke da ita. Ya sa mai sayarwa ya kunna ta a fili, ya nemi Damagum da Ngelzarma da Jajere ya gani da idonsa, ya kuma tambayi shekarar taswirar da yadda ake sabunta ta. Araha ba ta ado in akwatin bai san garinku ba. Mai amfani da waya kuwa ya sauke taswirar tun yana gida, ya tanadi abin caji na mota. Kada a bar na'ura a gilashi cikin rana, domin zafin bazara a nan yakan haura digiri 40, ya kashe batir, ya saki robar da ke riƙe ta. Barinta a fili kuma gayyatar ɓarawo ne.

A rubuta inda za a tun mota tana tsaye, a duba jiha da nisan da ta nuna, in ya saɓa wa hankali a sake dubawa. Latse-latsen waya ana cikin tuƙi laifi ne a wurin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. In akwai yaron mota ko abokin tafiya, a bar masa wannan aiki. In na'urar ta ce a bar kwalta a shiga daji, a tsaya a tambayi mutum biyu tukuna. In maganarta ta saɓa da ta jami'in tsaro ko ta mutanen gari, a bi tasu.

Aikin Da Ya Rage Mana

Gyaran taswira ba abin da ya gagara ba ne, an ma taɓa yinsa a ƙasar nan. Daga wajen 2012, masu yaƙi da cutar shan inna a jihohin Arewa suka koma zana taswira daga hotunan taurarin ɗan'adam, ma'aikatan rigakafi kuma suka riƙa yawo da wayoyi masu GPS, ta haka aka gano rugage da ƙananan ƙauyuka waɗanda tsofaffin taswirorin hannu suka tsallake. Wannan yana cikin abubuwan da suka taimaka har Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cikin watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Akwai kuma taswirar OpenStreetMap, wadda aka fara a Ingila cikin 2004, wadda kowa ke da ikon shiga ya ƙara hanya ko ya gyara suna kyauta.

Saboda haka muna kira ga ɗaliban Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da na Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, su haɗa kai da ƙungiyar direbobi da masu unguwanni, su sa ƙauyukan Fune da asibitocinta da kasuwanninta a taswira da sunayensu na gaskiya, su kuma bambance kwalta da turba. Kafin a kai ga haka, matafiyin da ya iso Damagum ya ci gaba da kunna na'urarsa, amma kada ya ƙi tsayawa wurin mai shayi ya yi sallama. Allah ya kai kowa gida lafiya, amin.