Gurbi da Abin Cikawa a Rubutun Wasannin Kwamfuta

A kasuwar Galmi, cikin yankin Malbaza, buhu ɗaya ne, amma yau a cika shi da albasa mai yawa, gobe da kaɗan. Matashin Birnin Ƙonni da ke koyon ƙirƙirar wasa a Roblox zai tarar da irin wannan tsari a harshen Luau, wanda ya samo asali daga Lua da aka ƙirƙira a Brazil a 1993.

Idan yana haɗa wasan kokawa, zai rubuta aiki mai suna kayarwa(dan_kokawa, karfi). Kalmomin nan biyu, dan_kokawa da karfi, su ne faramita, wato gurabe da ke jiran a cika su. Sa'ad da ya kira kayarwa("Zaki", 30), sai "Zaki" da 30 su zama agumen, ainihin abin da aka zuba.

Jeri yana da muhimmanci ƙwarai: in ya sa 30 a farko, wasan zai ɗauki lambar a matsayin suna. In kuma ya manta ƙarfin, Lua takan bar gurbin a nil, wato babu komai, lissafi ya tsaya.